Word, Google Docs da LibreOffice: na gwada su a kan maganar sakin layi kawai, ga abin da na gani

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Ta turo min furojet ɗinta na ƙarshen karatu, shafi 64, ta ce "Yaya don Allah abu kaɗan ne, harafin kawai za ka canja min, malam ya ce Times New Roman yake so mai girman 12, sannan a buɗa tsakanin layukan." Na ce ai wannan aikin minti biyu ne. Na danna Ctrl da A na zaɓe komai, na canja harafi, ina ɗagowa sai na ga takarda ta watse kamar an buɗe wa kaji akurki. Kan babi na uku ya sauko can gindin shafi shi kaɗai, babi na huɗu ya fara daga tsakiyar shafi, wani sakin layin ya shige ciki sosai wani kuma da ƙyar ya motsa, wasu jimlolin sun karye a tsakiya rabi a sama rabi a ƙasa ba gaira ba dalili. Na kira ta na ce ke wai me kika yi wa takardar nan? Ta ce wallahi Yaya ni rubutu kawai na yi.

Kuma gaskiyarta ne, rubutu kawai ta yi. Sai da na danna Ctrl da Shift da 8 a Word, wato abin da ke fito da ɓoyayyun alamomi, sannan na ga abin da ke ƙasa. Duk sifes ɗin da aka danna yana fitowa a matsayin ɗigo, Tab yana fitowa kibiya miƙaƙƙiya, Enter kuma yana fitowa da wata alama mai kama da P da ta juya baya, ga ta nan ¶. A farkon kowane sakin layi ta jera ɗigo, wani biyar wani bakwai wani har goma sha ɗaya, ya danganta da yadda hannunta ya ji a ranar. Idan za ta shiga sabon babi kuwa sai ta yi ta dukan Enter har sai ta ga sabon shafi ya bayyana, na ƙirga guda 17 a jere a wani wuri. Sassan da ta kwaso daga fayil ɗin PDF kuma kowane layi da nasa ¶ a ƙarshe. Ban yi mata dariya ba fa, don ni ma haka na yi shekara da shekaru kafin in waye.

To tunda na zauna gyara, sai na ce bari in yi amfani da damar in buɗe fayil ɗin a manhajoji uku in ga wacce ta fi iya wannan aikin. Ba maganar kyan fuska nake yi ba ko yawan kayan aiki, maganar karya layi da tura farkon sakin layi ciki kawai.

Kafin nan, wannan ɗabi'ar tamu daga tafireta muka gado ta, har waɗanda ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba. A tafireta in ka kai ƙarshen layi dole ka ja wani hannu da zai mayar da abin farkon layi ya kuma ɗaga takarda sama, aiki biyu ke nan, shi ya sa har yau a cikin kwamfuta alamomi biyu ne, CR da LF, lamba 13 da lamba 10 a ASCII, tsarin da ke ba kowane harafi da alama lambarsa a kwamfuta. Windows yana haɗa su biyun a ƙarshen layi, Linux da Mac na yanzu LF kaɗai suke sakawa. Kuma a tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya, m da i duk wuri ɗaya suke ci, don haka sifes biyar kullum sifes biyar ne. A kwamfuta ba haka ba ne, faɗin sifes yana bin irin harafin da girmansa, ka canja harafi ya canja, in ka daidaita rubutun gefe da gefe ma sifes ɗin cikin layi miƙewa suke yi suna tsukewa. Shi ya sa wanda ya yi gini a kan sifes ya yi gini a kan yashi.

Bari in fara da Word, tunda shi ne babba, tun 1983 yake kasuwa.

Abin da Word bai taɓa zaunar da mutum ya faɗa masa ba shi ne, a wurinsa Enter ba ya nufin "sauka ƙasa", yana nufin "na gama wannan sakin layin, buɗe min sabo." Saukar layi shi yake yi da kansa in ka kai baki. Kuma ita wannan alamar ¶ ba ado ba ce, kamar jaka ce, a cikinta ake ajiye duk saitin sakin layin, nisan da aka tura shi ciki, tazarar sama da ƙasa, ko yana tsakiya ko yana gefe. In ka taɓa goge wani abu a ƙarshen layi sai ka ga rubutun ya yi tsalle ya canja kama, ka ce aljanu ne, to jakar ka goge, sakin layi biyu suka haɗe suka koma amfani da saiti ɗaya. Ranar da na gane wannan rabin rigimata da kwamfuta ta ƙare.

Shi kuma Shift da Enter wani abu ne daban. Yana saukar da kai layin ƙasa amma kana nan cikin sakin layin da kake, alamarsa wata 'yar kibiya ce mai lanƙwasa. Amfaninsa ya fi fitowa a rubutun waƙa. Ka ɗauki baiti mai ɗango biyar, in ka danna Enter bayan kowane ɗango sai Word ya saka tazara tsakaninsu, baitin ya wawwatse ka kasa gane inda wani ya ƙare wani ya fara, amma in ka yi Shift da Enter a ɗango huɗu na farko, sai a na biyar ka danna Enter, za ka ga baitin ya dunƙule wuri ɗaya sannan ga fili mai kyau kafin na gaba. Haka adireshi a saman wasiƙa. Haka cikin jeri mai lamba, kana kan lamba 3 kana son ƙara bayani a ƙasa ba tare da 4 ta faɗo maka ba. Haka dogon kan babi da kake so ya rabu layi biyu, in ka raba shi da Enter, jadawalin abin da ke ciki zai ɗauke shi a matsayin kanu biyu, in da Shift ne yana nan guda ɗaya.

Amma yana da wani hali da ba na so. In ka daidaita rubutunka gefe da gefe, wato Ctrl da J, sannan ka yi Shift da Enter a layin da ke da kalma uku kacal, Word zai ja kalmomin nan uku ya baza su daga wannan bakin zuwa wancan, ɗaya a gabas ɗaya a yamma ɗaya a tsakiya tana kallon ikon Allah. Dalilinsa dai shi ne layin ƙarshe na sakin layi kaɗai yake ƙyalewa, wannan kuwa a ganinsa ba na ƙarshe ba ne. Akwai inda ake kashe abin amma an binne shi can ƙasan saitin Advanced, cikin wani dogon jeri da ba mai shiga sai wanda ya ɓata hanya. Dabarar da ta fi sauƙi, ka danna Tab sau ɗaya kafin ka yi Shift da Enter, layin zai koma daidai. A nan kam na rage masa maki, abin da kowa ke cin karo da shi bai kamata a ɓoye maganinsa haka ba.

Maganar tura layin farko ciki kuwa, a nan Word ya yi ƙoƙari ba laifi. Hanya uku ce. Akwai rula a sama, in ba ka gan ta ba ka kunna ta a View, a gefen hagunta akwai wasu 'yan abubuwa uku a kan juna, na sama mai kallon ƙasa shi ke jan layin farko kaɗai, na tsakiya mai kallon sama yana jan sauran layukan ya bar na farko, ɗan akwatin ƙasa kuma yana jan duka gaba ɗaya. Matsalar dai ƙanana ne ƙwarai, ka je kama na sama ka kamo na ƙasa, sai ka yi ta Ctrl da Z. Ni na fi son akwatin saitin sakin layi, ka danna dama a kan rubutu ka zaɓi Paragraph, a wurin da aka rubuta Special ka ɗauki First line, zai ba ka rabin inci, wato santimita 1.27, in ya yi maka yawa ka rage. A nan ne kuma ake samun kishiyarsa Hanging, wanda layin farko ke tsayawa a baki sauran su shige ciki, irin wanda ake yi wa jerin manazarta a ƙarshen furojet, tsarin APA na rubutun bincike da jera manazarta ma rabin incin nan yake nema a duka biyun. Na uku gajerun hanyoyi, Ctrl da M yana tura sakin layin duka, Ctrl da T yana yin na manazarta, in ka haɗa da Shift sai su dawo baya, Ctrl da Q kuma yana wanke duk saitin da ka yi da hannu ya mayar da sakin layin yadda salonsa yake. Wannan na ƙarshen ya cece ni a aikin ƙanwata ba sau ɗaya ba.

Sai maganar Tab, wadda ita ce mutane suka fi yi in sun bar sifes. Ta fi sifes, wannan ba musu, amma Word yana da wani shisshigi a nan. In sakin layin babu komai ka danna Tab, zai saka maka alamar Tab ta gaske. In kuma akwai rubutu ka koma farkonsa ka danna Tab, sai ya ce ai na gane nufinka, ya mayar da shi turin layin farko na cikin saiti, har ya fito da wata 'yar alamar walƙiya a gefe. A ido duk ɗaya ne, a ƙasa kuwa abu biyu ne daban, don haka takarda ɗaya sai ta ƙare rabi da wannan rabi da wancan, ranar da ka zo canja su gaba ɗaya sai rabi su bi rabi su ƙi, wasu ma su shige ciki ninki biyu. Ana kashe shi a cikin saitin gyaran kai tsaye, ni dai na kashe nawa tuntuni, na fi so in san abin da na danna shi ne abin da ya shiga.

Inda Word ya yi wa saura nisa a wurina shi ne salo, abin da suke rubutawa Styles. Maimakon ka bi sakin layi ɗari uku ɗaya bayan ɗaya, sai ka gyara salon sau ɗaya, ka ce layin farko ya shiga santimita kaza, tazarar ƙasa kaza, duk inda aka yi amfani da salon ya canja a take. Kuma za ka iya ƙirƙirar naka ka raɗa masa suna, ni na yi wa ƙanwata guda biyu, ɗaya mai turi na gangar jikin rubutu, ɗaya mara turi na sakin layin farko bayan kan babi, don in ka duba littattafan da aka buga da kyau za ka ga yawanci na farkon ba a tura shi, kan babin ya riga ya nuna an fara sabon abu.

A nan bari in ɗan ratse. Turi da tazara aiki ɗaya suke yi, su nuna wa mai karatu an shiga sabon sakin layi, don haka ɗaya ya isa. Littafi turi yake so, wasiƙar ofis da rahoto tazara. Word ɗin da, kafin 2007, ba ya saka tazara bayan Enter, shi ya sa mutanen wancan lokacin suka saba danna Enter sau biyu. Na 2007 ya zo da harafin Calibri da tazarar maki 10 a ƙasan kowane sakin layi, daga na 2013 ta koma maki 8, shi maki 72 ne ke yin inci ɗaya. To wanda hannunsa ya saba da Enter biyu, yanzu sai ya samu tazara a kan tazara, ga kuma turi ya ƙara, takarda ta zama duk fili.

Su kuma Enter 17 ɗin nan maganinsu Ctrl da Enter, yana tsallakawa sabon shafi kai tsaye, ko ka ƙara rubutu a sama ko ka rage babin yana nan a saman shafinsa. Wanda ya fi shi ma, a cikin akwatin saitin sakin layin akwai sashe na biyu, a nan za ka ce wa salon kan babi kullum ya fara a sabon shafi, akwai kuma wanda ke manne ƙaramin kai da rubutun da ke binsa don kar a bar shi shi kaɗai a gindin shafi, da wanda ke hana layi ɗaya tal ya maƙale a sama ko a ƙasa.

Yanzu ga inda na ji daɗin Word har na yafe masa sauran, wato wurin shara. Ctrl da H yana buɗe nema da maye gurbi, kuma yana gane alamomin nan, ^p shi ne Enter, ^l shi ne Shift da Enter, ^t shi ne Tab, ^w kuma duk wani farin fili ko sifes ne ko Tab komai yawansa. Na ce ya nemo ^p^w ya mayar da shi ^p, dannawa ɗaya duk ɗigon farkon sakin layi suka tafi, ya ce min ya gyara wuri 388. Sannan ^p^p zuwa ^p, na yi ta maimaitawa har ya ce babu saura. Sassan PDF ne suka ɗan so wahala, don in ka ce a mayar da kowane ^p sifes to duk rubutun zai zama dunƙule ɗaya. Yadda na yi, na zaɓi sashen kawai, na bi ƙarshen kowane sakin layi na gaskiya na saka @@@, sannan na mayar da duk ^p sifes, daga ƙarshe na mayar da @@@ ya zama ^p. In rubutun da ka kwaso yana da layin banza tsakanin sakin layi ma ba sai ka bi da hannu ba, ^p^p ɗin za ka fara mayarwa @@@. Shawara dai, ka ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka fara, kuma kar ka manta ka zaɓi sashen, in ba haka ba har kanun babi zai haɗiye.

Google Docs kuma fa? Ga mai rubutu sabo daga farko lafiya lau ne. Shift da Enter yana aiki, Ctrl da Enter yana aiki, rularsa ma ta fi ta Word sauƙin kamawa a ganina, turin layin farko da na manazarta suna cikin Format ƙarƙashin daidaitawa da turi. Ɓoyayyun alamomi kam ya daɗe ba shi da su, sai a 2023 aka kawo, Ctrl da Shift da P, kafin nan lalube ake yi cikin duhu. Inda ya gaza shi ne salo, abin da ya ba ka shi ke nan, rubutun gama-gari da take da ƙaramin take da kanu shida, kana iya canja kamanninsu amma ba ka ƙirƙirar naka, don haka dabarata ta salo biyu ba ta yiwuwa sai dai a bi da hannu. Wurin shara ma bai kai ba, yana iya nemo ƙarshen layi amma akwatin maye gurbinsa ba ya saka sabon sakin layi, dabarar @@@ a rabin hanya take tsayawa. Na rubutun haɗin gwiwa ne da gajerun takardu, a nan ba a kama ƙafarsa, amma ba zan kai masa shafi 64 masu datti ba.

LibreOffice Writer shi ne ya ba ni mamaki. Kyauta ne, ya fito daga zuriyar OpenOffice, sigarsa ta farko a farkon 2011. Fuskarsa kamar ta tsohon zamani, amma a maganar salo ko Word sai ya yi da gaske, F11 kawai za ka danna su jeru a gefe, har da wanda aka riga aka yi mai turin layin farko. Ctrl da F10 ke fito da alamomi. Yana ma da wani abu cikin gyaran kai tsaye da ke share sakin layin da babu komai, da wani da ke haɗe gutsattsarin layuka irin na PDF, sai dai ka kunna su da kanka kuma ka duba bayansa don hasashe yake yi. Abin da ke rikita mutum shi ne nemansa, sai ka kunna wani zaɓi na musamman, sannan $ ne ƙarshen sakin layi, ^$ ne wanda babu komai, \n kuma in ka sa shi a akwatin nema yana nufin Shift da Enter, in ka sa shi a akwatin maye gurbi yana nufin Enter. Alama ɗaya ma'ana biyu, haba. Da zarar ka haddace dai yana aiki. In kuma fayil ɗin docx ne, wato irin na Word, zai kuma je hannun mai Word, ka sake duba inda shafuka suka karye, musamman in harafin da aka yi amfani da shi babu shi a kwamfutarka.

Ta waya ba zan ja magana ba, kibod ɗin waya Enter ɗaya gare shi, sikirin ɗin kuma ba ya nuna maka shafin yadda zai fita a firinta sai ka nema. Yi rubutunka a can in ya kama, tsarin ka bari sai ka zauna gaban kwamfuta.

In maki zan bayar a wannan fannin kaɗai, Word 8 cikin 10, na cire biyu saboda shisshigin Tab da binne maganin bazuwar kalmomi da kuma ɓoye alamomin da ya yi tun farko alhali su ne rabin labarin. LibreOffice 7 da rabi, Google Docs 6. Mai dogon aiki irin furojet ko littafi ya riƙe ɗaya daga cikin biyun farko.

Aikin ƙanwata dai ya ci min kusan awa ɗaya da rabi, shafi 64 ya dawo 58 da aka kwashe filayen banza duk da an buɗa layukan. Na mayar mata da alamomin a kunne, na ce ta bar su haka in tana rubutu. Ba a yi minti goma ba ta kira, "Yaya akwai wasu ƙananan P da ɗigo-ɗigo sun cika min takarda, ko bairos ne?" Na ce ba sa fita a firinta, ki ƙyale su. Jiya ta turo babi na biyar, babu sifes ko ɗaya a farkon sakin layi, amma kafin jerin manazarta na ƙirga Enter tara.